Tsintsiyar Salifu a Hanyar In Amguel

Munawwara ta fizge kwanon daga hannun mijinta, ruwan lemun tsami ya fantsama a tabarma, tsofaffin kwabbai uku da ya jiƙa a ciki suka gangara ƙarƙashin keken ɗinki.

"Kwanon miyata, Maigida! Duk kwanukan gidan nan sai wannan?"

"Shi ne fari, rubutun ya fi fitowa a cikinsa," in ji Salifu, ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin keke.

Salifu tela ne, mutumin Damagaram, shekararsa goma sha shida yana ɗinki a Tamanrasset. Ba ya shan taba, ba ya zaman karta, ko musu bai iya ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma yana nan jingine bayan ƙofa: na'urar gano ƙarfe da ya saya shekara biyar da suka wuce a hannun wani Bature da ke rage kaya kafin ya hau jirgi. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da maɓalli biyu, da abin sawa a kunne. Baturen da bakinsa ya ce ta 'yan koyo ce, babu mai arha kamarta. Duk Juma'a bayan masallaci Salifu kan naɗe ta a buhu, ya bi busasshen kwari har inda ayarin raƙuma ke yada zango a da, ya yi ta share ƙasa da ita. Ya tono tamma ta zamanin Faransa, da anini mai huji, da wasu kwabbai masu rubutun Larabci da suka goge. Ba ya sayarwa, kuma ko albasa ba za a ba ka da su ba. Unguwa duka na kiran abin tsintsiyar Salifu, kuma Munawwara ce ta raɗa mata sunan.

Tana cikin wanke kwanon aka yi sallama. Idrisa ne, direban kamiyo, babbar motar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da arewa, tare da wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai baƙin zane, riƙe da ƙunshi a ƙirji. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Ta sha kaɗan, ta gode da yawa.

"Wannan Inna Gwamma ce," in ji Idrisa. "Mahaifiyar Isma'il, makanikinmu da ya rasu a hanya. Ka tuna?"

Salifu ya tuna. Shekara shida ke nan zazzaɓi ya kama Isma'il suna hanyar In Salah da kaya. Kafin su juyo da shi asibiti rai ya yi halinsa, direbobi suka yi masa sutura a gefen hanya, gaba kaɗan da In Amguel.

"Kwana tara ta yi a bayan kamiyo don ta tsaya a kan kabarinsa," Idrisa ya ci gaba. "Jiya na kai ta. Salifu, na rasa wurin! Ruwan da aka yi shekaran bara ya kwashe duwatsun da muka jera, rairayi ya shafe komai. Gobe da asuba motarmu ke komawa, takardar izinin zamanta kuma ta ƙare."

"To ni me zan iya?"

"Ka san al'adarmu ta direbobi. In muka binne ɗan uwa a hanya, ba ma amince wa dutse kaɗai. Mukan kafa guntun lam a wajen kai, wannan falalen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin mota a ƙasa, mu kafa ƙarami a wajen ƙafa. Na Isma'il da hannuna na buga shi. Yana nan a ƙarƙashin rairayin."

Munawwara ta dubi tulin yadin da ke kan tebur, ɗinkin bikin da aka yi alkawarin bayarwa jibi. Ta dubi sandar da ke bayan ƙofa, sai kunya ta kama ta tun kafin a je ko'ina. Abin wasa ne fa! Yanzu za a ɗora wa tsohuwa rai a kan tsintsiya? Amma Salifu ya riga ya miƙe. Ya zuba sabbin batura a aljihu, ya ɗauki ƙullin jan zare mafi kauri da ke shagon, da guntayen kara.

"Ki ɗauko mayafinki," ya ce wa Munawwara. "Bai kamata Inna ta zauna cikin maza ita kaɗai ba."

Awa biyu suka yi a wata tsohuwar motar hamada, kat-kat, da Idrisa ya aro. A shingen jandarma aka leƙa buhun, Idrisa ya yi bayani da Larabcinsa na hanya, jandarman ya dubi tsohuwar, ya ɗaga musu hannu. Bayan In Amguel suka sauka daga kwalta, suka tsaya kusa da wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo.

"Tsakanin bishiyar nan da wancan baƙin dutse," in ji Idrisa. "Iyakar abin da zan rantse a kai ke nan."

Filin ya kai girman filin ƙwallo. Munawwara ta dubi faɗinsa, ta dubi tsintsiyar, ta girgiza kai.

Sai dai ba ta taɓa ganin mijinta a bakin wannan aiki ba, kullum da ƙurarsa kawai take ganinsa in ya dawo. Bai yi gaggawa ba. Ya kafa kara, ya ja jan zare miƙe kamar zai yanka babbar riga, ya auna taku biyu ya ja wani. Sannan ya sa abin kunne, ya murɗa maɓalli, ya shiga tsakanin zaren biyu yana kaɗa faifan dama da hagu, yatsa biyu sama da ƙasa, ba ya ɗagawa, ba ya gogawa. In ya kai ƙarshe sai ya cire zaren farko ya mayar da shi gaba. Ko tafin hannu ɗaya na ƙasa bai tsallake ba.

Ita da Inna Gwamma suka zauna a 'yar inuwar bishiyar. Tsohuwar ba mai yawan magana ba ce. Ta ce Isma'il ne autanta, ya bar 'ya mace da yanzu ta isa zuwa lekkol, wato makaranta. Ta ce ba ta zo yin kuka ba, ta gama wannan tuni.

"So nake in san inda yake kwance, ɗiyata. Kullum in na yi masa addu'a sai in rasa inda zan ajiye shi a zuciyata. Hamada dai, hamada dai. Ta yi wa mutum ɗaya faɗi."

Rana ta take. Aka yi azahar, aka ci dabino da busasshen burodi, Salifu ya koma. Ya cinye fiye da rabin filin, na'urar shiru. Sai can ya tsaya cak, ya durƙusa, ya tona da ɗan cokalin gini. Idrisa ya ruga, Munawwara ta miƙe. Abin da ya fito kwabo ne na azurfa, babba, ya yi baƙi. A wata rana da Salifu ya yi mako yana nuna wa duk wanda ya shigo shago. Yau ko gogewa bai yi ba, ya jefa shi aljihu, ya mayar da ƙasar ramin.

Haushi ya turnuƙe Munawwara. Ta tako har bakin zaren, ta rage murya don kada tsohuwar ta ji.

"Kwabo! Nan ma kwabo! Kai da kullum kake cika min kunne da cewa bakin hanya duk gwangwanin sardin ne da ƙusa, yau tun hantsi ko gwangwani ɗaya tsintsiyarka ba ta yi wa kuka ba, sai kuɗi?"

Salifu ya dube ta. Sannan ya dubi maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsansa, fuskarsa ta canza.

"Inna lillahi," ya ce a hankali.

Ga abin da ya faru. Mai neman kwabo babu abin da ya tsana kamar baƙin ƙarfe, don shi ke sa mutum ya yini yana tonon shara. Ɗaya daga maɓallan na'urar aikinsa ke nan: in an murɗa shi, sai ta yi shiru a kan ƙarfe, ta yi kuka a kan tagulla da azurfa kawai. Shekara biyar Salifu na murɗa shi zuwa wani ɗan tabo da ya yi da alli, har yatsansa ya saba yi ba tare da ya sani ba. Yau ma ya yi. Awa huɗu yana neman ƙarfe da na'urar da ya hana jin ƙarfe.

Munawwara ta san babu wanda ya gane sai su biyu. Da ya murɗa abinsa shiru ya ce zai sake dubawa, da magana ta mutu a nan. Amma ya cire abin kunnen, ya taka har gindin bishiya, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ki gafarce ni. Na yi kuskure. Duk abin da na yi tun safe aikin banza ne, kuma laifina ne, ba na na'ura ba. Zan koma farko."

Idrisa ya dafe kai. "Farko? Salifu, dubi rana! Dole mu wuce shinge kafin magariba."

"Na gani."

Inna Gwamma ta dubi Salifu. "Je ka, ɗana," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Ya tattara karansa, ya koma inda ya fara, ya sake jan zare. Yanzu kam na'urar ba ta rufe baki. Taku uku, kuka. Gwangwani. Taku biyar, kuka. Ƙusa, marfin kwalba, guntun waya, wani gwangwanin. Kowanne sai ya durƙusa, ya tona, ya duba, ya mayar da ƙasa, ya miƙe. Mutum ne da ya ba hamsin baya, kuma zaman keke ya daɗe da cinye masa gwiwa. Munawwara na ganin yadda yake dafa sandar kafin ya tashi. Rigarsa ta jiƙe ta bushe, gishiri ya yi mata zane a baya. Duk da haka faifan bai tashi daga yatsa biyun nan ba, tafiyar kuma ba ta ƙara sauri ba.

Munawwara ta bi shi da kallo. Shekara ashirin tana auren mutumin nan, tana ɗaukar sanyinsa a matsayin abin haƙuri, yau ga shi tana alfahari da shi har idonta na kawo ruwa. Ta tashi ba tare da an ce mata ba, ta karɓi aikin zaren. In ya kai ƙarshen layi ya tarar ta riga ta kafa na gaba. Idrisa ma ya daina duban agogo, ya ɗauki cokalin gini yana bin sa a baya.

A layi na goma sha ɗaya, bayan la'asar, a wurin da sawun takalminsa na safe yake kwance sarai, Salifu ya tsaya. Ya kaɗa faifan sau ɗaya, sau biyu, ya juyo ya kaɗa ta gefe. Idrisa ya kai cokali, Salifu ya riƙe masa hannu.

"A'a. Dakata."

Ya yi taku huɗu arewa, yana kaɗawa a hankali. Ya sake tsayawa.

"Babba a kudu, ƙarami a arewa," ya ce. "Ajiye cokalin nan. Nan ba a tonawa."

Ya durƙusa a wajen kudu, ya riƙa janye rairayi da tafin hannu kaɗan-kaɗan, kamar mai share gari a faifai. Da ya kai zurfin gwiwar hannu, bakin wani falalen ƙarfe ya bayyana, ya yi tsatsa, ruwa ya ɗan kwantar da shi gefe. Idrisa ya shafa karyayyen bakin, ya shafa wata waya da aka naɗa masa, sannan ya ɗago kai.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Ni na ɗaura wayar nan."

Munawwara ta kamo hannun Inna Gwamma suka taho. Tsohuwar ta tsuguna, ta dafa ƙarfen, ta yi sallama ga ɗanta da sunansa kamar ta shigo ɗakinsa. Suka ɗaga hannu gaba ɗaya aka yi addu'a. Mazan suka kwaso manyan duwatsu daga gindin baƙin dutsen suka kewaye wurin. Ba ta yi kuka ba, kamar yadda ta faɗa.

Rana ta yi ja, Idrisa ya je ya tayar da mota. Salifu na shirin naɗe na'urar a buhu, tsohuwar ta ɗago.

"Ɗana, me ka ji a kunnenka da ka zo kansa?"

"Ƙara ce kawai, Inna. Kukan na'ura."

"In ji mana."

Salifu ya sake kunna na'urar. Sannan ya goge abin kunnen da bakin rigarsa, Munawwara ta gyara mata shi a kan kallabi. Ya miƙa faifan bisa ƙarfen, ya kaɗa a hankali. Daga inda take tsaye Munawwara na jiyo 'yar ƙarar, mai kauri, tana zuwa tana komawa. Inna Gwamma ta rufe ido, leɓunanta na motsi.

"Ƙara," ta ce.

Ya ƙara. Idrisa ya danna oda sau ɗaya, da ya hango su bai sake ba. Hannun Salifu ya gaji, faifan na neman taɓa ƙasa, ya sa hagu ya tallafi dama. Munawwara ta matso, ta zare sandar daga hannunsa.

"Yatsa biyu sama da ƙasa," ya raɗa mata. "Kar ki yi sauri."

"Na gani," ta ce. "Je ka zauna."

Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da kaɗawa, dama da hagu, har tsohuwar ta buɗe ido da kanta.