Hoton Jikar Inna Iyatu

Inna Iyatu ba ta sake sa jikarta Rahma a ido ba tun ranar suna. A Segbana take zaune, can ƙetaren iyakar Benin. Ciwon ƙafa ya hana ta hawan babur, idonta kuma ya fara yana. Duk wanda ya je daga Bagudo sai ya ciro waya ya nuna mata yarinyar, ita kuwa ta kai wayar har bakin hancinta, ta ce ba ta ganin komai sai haske. Da ta gaji, ta aiko wa 'yarta Safina cewa a yi mata hoton jikarta babba, wanda za ta jingina da bango ta riƙa gani daga kan gado.

Safina ta nufi wajen Ɗanmaliki, mai zanen allunan shagon aski a bakin tasha. Mashkura, matar wan mijinta, ta raka ta. Gida ɗaya suke, kuma 'yar Mashkura, Hafiza, sa'ar Rahma ce.

"Hoto guda nika so in kwaikwaya," in ji Ɗanmaliki. "Wanda huska ta hito sarai, haske na gefe guda, ido buɗe. Kada ku ba ni wanda waya ta yi ma wanka."

Aka shiga duba wayar Safina. Ga Rahma tana gudu, ga ƙeyar Rahma, ga rabin Rahma a bayan akuya. Can aka zo kan wani da take zaune gindin darbejiya, kitso rabi a kwance, baki duk mangwaro, tana kallon mai ɗauka kamar ya yi mata laifi.

"Wanga shi ne," in ji Ɗanmaliki. "Ku dubi idanun nan."

"Haba Malam," Mashkura ta ce. "A kai ma tsohuwa wanga, mutanen Segbana su ce sabulu ya ƙare a Bagudo?"

Safina ta kawar da kai. Rahma 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ta yaya za ta tsaya gaban yayar gida da baƙon namiji tana ƙura wa hoton 'yar fari ido, tana zaɓen inda ta fi kyau? Sai ta riƙa jan hotunan da yatsa, fuskarta na kallon ƙofa, tana satar kallo da wutsiyar ido. Ta iso kan hotunan ƙaramar Sallah da ƙanwar mijinta ta turo mata. Ta hango atamfar ankon da aka yi wa yaran gidan, da gwaggwaro har kan gira, da hoda fari fat, da jan baki, da ɗigon kwalli a goshi.

"Ga wanga," ta ce, ta miƙa wayar.

Mashkura ta leƙa. "Tubarkalla. Ka ga ɗiya kamar ita ta yi kanta. Dubi hanci, dubi wuya."

"Nan dai hoda za ni zanawa," in ji Ɗanmaliki, amma ya karɓa, har ya yi alkawarin ƙara furanni a baya.

Ranar da hoton ya iso gida ta zo daidai da ranar da Hamma mai babur yake kai kaya Segbana. Tun da safe an buga wa Inna waya, ta ce ta sa an share ɗaki, ta kuma gayyato maƙwabta. Aka jingina allon a tsakar gida, ya kusa kai wa Safina ƙugu. Mata suka kewaye shi suna yaba furanni.

Rahma ta kutsa tsakanin zannuwansu, ta tsaya ta ɗan kalla.

"Hafiza ta yi kyau," ta ce.

Aka yi dariya. Wata ta ce, "Ke ce fa, sakarya."

"Ba ni ce ba. Ni ranar na zuba zoɓo a rigata, Gwaggo ta ce ba ta ɗaukata hoto."

Dariyar ta tsaya. Aka jawo Hafiza daga bakin murhu, aka tsayar da ita kusa da allon. Ba wanda ya buƙaci bayani, kunnuwan kaɗai sun isa. Mashkura ta tuna yadda ta tsaya gaban baƙo tana yabon hanci da wuyan 'yarta ta fari, ta ja mayafi ta rufe fuska.

A waje Hamma ya danna oda.

Safina ta dubi allon sosai, a karo na farko. Ta tuna tsohuwa a ɗakin da aka share, maƙwabta zaune a kan tabarma suna jira. Ta ɗauko tsohon zane ta naɗe hoton, ta ɗaure da igiya, ta sa aka miƙa wa Hamma.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Inna ce.

"Safina, na gan ta. Yau na gan ta da idona. Goshin marigayi babanki ne sak, hancin ko nawa ne, kowa nan ya shaida."

"To, Inna," in ji Safina.

"Ki kawo mani ita da babbar Sallah, kada ki sake ɗaga tafiyar. Yanzu ko cikin taron biki anka sa ta, ni za ni tsamo abata."

"In Allah ya yarda, Inna."

Ta ajiye wayar a kan turmi. Yaran biyu na can bakin zaure suna faɗa a kan murfin kwano. Mashkura na tsince shinkafa, har yanzu ta ƙi ɗaga kai.

"Yaya," Safina ta ce a hankali, "da babbar Sallah ki ba ni Hafiza in tafi da su su biyu. Anko guda za a ɗinka masu."

"In tsohuwa ta ɗauki tawa fa?"

"Sai a bar ta da taki, yarinyar nan kuma a ce ƙawarta ce ta rako ta."