Ranar da Na Kori Baba daga Fili

Kwana tara da rasuwar Baba, Umma ta kira ni ɗakinta ta ce hotonsa take so. Ba na katin aiki ba, wanda aka ɗauka tun gashinsa yana baƙi. Na tsufansa take so, yadda ta rabu da shi. Mu shida ya haifa, kowa da waya a hannu, amma wallahi babu mai shi. Mutum ne da in aka ɗaga waya sai ya tuna yana da abin yi a ƙofar gida.

"Ba ke kika ce jirgin naku ya ɗauki hoto sama da dubu ranar da kika fita da shi ba?" in ji Umma. "Ai ba za a rasa shi a ciki ba."

Na ce to, zan duba. Amma na san abin da na aikata.

Ni mai zanen gine-gine ce, kuma ba ma ɗora biro a takarda sai an auna fili. Da can safiyo, wato mai awon ƙasa, ke yin wannan da ƙafa, kwana da kwanaki, aikin da Baba ya shekara talatin da biyar yana yi. Yanzu jirgi marar matuƙi muke tayarwa, ɗan abin da bai fi faranti ba. Ya yi shawagi minti ashirin yana ɗaukar ƙasa daga sama, kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama taswira. Sai dai dole a fara shimfiɗa fararen alluna a ƙasa, a auna mazauninsu da hannu, in ba haka ba taswirar ta karkace.

Don wannan na ɗauki Baba, wata guda kafin ya kwanta ciwo. Zaman gida ya ishe shi, ni kuma na ce bari ya sha iska. Filin wani ƙaramin asibiti ne aka ba mu. Ya sa tsohon takalminsa na aiki, ya kafa allunan nan takwas, kowanne sai da ya auna sau biyu. Kaftin, wato abokin aikina mai sarrafa jirgin, har cewa ya yi bai taɓa ganin alamun da suka zauna haka ba.

Matsalar, da jirgi ya tashi Baba ya ƙi fita daga filin. Ya taka nan, ya durƙusa can, ya murza ƙasa a yatsu. Duk abin da ke motsi ɓata mana hoto yake yi, batir kuma biyu ne kacal. Na yi masa magana sau ɗaya, sau biyu. Sai ya ɗaga murya daga nesa ya ce, "Sauron nan naku bai san inda ruwa ke kwanciya ba, Auta. Zo ki ga nan."

Ni dama ba a ja da ni in rana ta dake ni. A gaban Kaftin, a gaban direba, na ce, "Baba, don Allah ku koma mota. Wannan aikin ya wuce zamaninku."

Ya juya ya koma mota. Na ce a raina gobe na ba shi haƙuri. Goben ta zama jibi, aiki ya sha kaina.

A ofis kuwa akwai abin da muke kira shara. Kafin taswira ta je wurin oga, sai a goge duk abin da ba ƙasa ba: akuya, mota, mutum. Wuri bakwai na tarar da Baba a cikin taswirar nan, wuri bakwai na goge shi da hannuna, ina tsaki.

Washegarin maganarmu da Umma na tsaya a kan teburin Kaftin. Ya cire tabarau ya ce katin da jirgin ke ajiye hotuna an share shi, an yi aiki uku a kai tun lokacin, haka tsarin ofis yake da zarar oga ya sa hannu. Na zauna a kujerar baƙi na rufe fuska. Kunya ce ta fi cina, ba ma baƙin ciki ba.

Can ya ce, "Tsaya. Akwai hotunan da kwamfuta ta ƙi karɓa don sun yi dishi-dishi. Ban tuna na zubar da su ba."

Guda arba'in da shida ne. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya: ciyawa, tarin yashi, rufin maƙwabta. A na talatin da ɗaya muka same shi. Jirgi ƙasa yake kallo kai tsaye, don haka babu fuska. Tsakiyar kansa ce, da kafaɗu biyu, da inuwarsa kwance a gefe, hannu ɗaya a ɗage. Na fitar da shi a babban injin da muke buga zane, faɗin tebur guda.

Umma ta shimfiɗa takardar a kan gado, ta danne gefuna da matashi. Ta daɗe tana kallo. Ta bi inuwar da yatsa tun daga ƙafa har wuya.

"Shi ne," ta ce. "Ga tafiyar nan tasa, kafaɗar hagu a sama." Sai ta tsaya a kan hannun. "Wannan kuma wa yake ɗaga wa?"

Na san lokacin. Ga motarmu nan a kusurwar hoton, can ya nufa, ya ba ni baya. Hannun da yake ɗagawa ne in yana so a bar magana haka nan.

"Jirgin yake yi wa hannu, Umma," na ce.

Ta yi murmushi, na farko tun ranar da aka fita da gawarsa. Ta kama hannuna ta matse.

"Ashe dai ya ji daɗin ranar. Allah ya yi miki albarka da kika fita da shi."