Mai Tuna wa Almut Magana

Tun daga bakin ƙofa Wiebke ta ji ƙanshin kek ɗin tuffa, nan take ta san da wata a ƙasa. Mahaifiyarta Almut Oltmanns na zaune a falo cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, an taje mata gashi, har da jan-baki. Wannan matar ce fa shekaranjiya ta ajiye takalmanta a firiji.

"Baba, wa ya yi mata wannan kwalliya?"

"Ita ta yi abinta," in ji Hinnerk. Yana jera kofunan shayi masu zanen fure, bai ko ɗago kai ba.

"Kek ɗin fa?"

"Yanzu kuma laifi ne a ba baƙo kek?"

Baƙuwar da ake jira kuwa ba ta cin kek ba ce. Ma'aikaciya ce da ake turowa ta duba ko tsoho ya kai matsayin da hukuma za ta biya masa zaman gidan kula da tsofaffi. Fanshon Hinnerk, tsohon matuƙin jirgin fito, ko kusa ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Sau biyu ana zuwa, sau biyu ana cewa Almut da sauran ƙarfinta, kulawar gida ta ishe ta. Kulawar gidan nan ba kowa ba ce illa Hinnerk, mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda a watan jiya ya zame a banɗaki da matarsa a hannu, suka yi ta kwanciya a kan tayil mai sanyi har mai kawo wasiƙu ya jiyo su.

Duk zuwan nan biyu Wiebke tana wurin aikinta a Bremen. Da farko ta zargi ma'aikatan, ta ce an hure musu kunne su tsuke bakin aljihun hukuma. Daga baya ta zargi maƙwabciyarsu Gesa, wadda ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Wannan karon ta ɗauki hutu ta zo ta gani da idonta.

"Baba, don Allah yau ka bari su ga yadda take."

"Yadda take ke nan." Ya ajiye tukunyar shayi a kan ɗan murhun kyandir. "Ko gidan ne ya tsone miki ido? An ce idan an kai mutum can, gidansa ake fara lashewa."

"Ni za ka gaya wa haka?"

"Tambaya na yi."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Sai aka danna ƙararrawa.

Ma'aikaciyar, Malama Tietjen, doguwa ce siririya, idonta ba ya zama wuri ɗaya. Kafin ta cire kwat ta riga ta ƙare wa matakala, dardumar ƙasa da hannun Wiebke kallo. Ta daɗe a aikin nan. Ta ga 'ya'yan da ke ɓoye haƙoran robar uwarsu ranar da za a zo dubawa, ta ga masu hargitsa wa uba gashi don ya ƙara zama abin tausayi. Saboda haka duk 'yar da ta cika ƙorafi, da ayar tambaya take kallonta.

"Ke ce kika ce a waya ba ta iya komai?"

"Ni ce."

"To, mu gani."

Almut ta tarbe ta da fara'a kamar sun shekara da sanin juna. Ta sa dunƙulen sukari a gindin kofi, ta tsiyaya shayi a kai har ya yi ƙarar tsagewa, sannan ta zuba kirim a hankali ta gefen kofin da ɗan cokali, ya nutse ya taso fari. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Hannunta ne kawai ya tuna wannan," in ji Wiebke.

"Kowa haka yake cewa," in ji Malama Tietjen, ta kurɓi shayinta.

Hinnerk ya koma kujerarsa ta jikin taga, can bayan kafaɗar baƙuwar, ya naɗe hannu kamar wanda abin bai shafa ba.

"Malama Oltmanns, yau wace rana ce?"

Almut ta yi murmushi, ta ɗan karkata kai hagu. "Talata."

"Me kika ci da safe?"

"Burodi baƙi da cuku. Ƙwan kuma ya dahu da yawa, amma ba na son tona asirin wani."

Malama Tietjen ta yi dariya. Wiebke ba ta yi ba.

"Wanka fa, wa yake taimaka miki?"

Kan ya sake karkata hagu. "Haba, 'yata! Tun kafin a haifi uwarki nake wanka da kaina."

A nan ne Wiebke ta gane. Ta san wannan karkata kai. Ta san ɗan shirun da ke zuwa kafin amsa, wanda wani zai ɗauka yanga ce. Duk hunturu tana yarinya, a zauren ƙauye, uwarta ce tauraruwar wasan kwaikwayon da ake yi da harshen mutanen gaɓar teku. Ubanta bai taɓa hawa dandamali ba. Wurinsa wani ɗan akwati ne a gaban dandamalin, kansa kaɗai ke leƙowa, yana tuna wa 'yan wasa maganar da suka manta. Garin nan kaf ana yabonsa da cewa ba a taɓa jin muryarsa daga kujerun 'yan kallo ba.

Ba ta juya ba. Ta dubi gilashin kabad ɗin kwanuka, ta hango shi a ciki. Fuskarsa na kallon lambu, leɓunansa kuwa suna aiki.

Haushi ya taso mata, tausayi ya biyo baya ya danne shi. Wato tun asuba ya tashi ya gasa kek, ya yi mata wanka, ya shafa mata jan-baki da hannun nan nasa mai rawa. Idan ta yi shiru, za a sake cewa kulawar gida ta isa, wata rana kuma mai kawo wasiƙu ba zai ji komai ba. Idan ta buɗe baki, ta kira ubanta maƙaryaci a gaban baƙuwa.

Ta miƙa hannu kamar za ta ɗauki kek, ta ture butar kirim. Ya malale a kan zanen tebur.

"Kash! Baba, akwai wani a firiji?"

"Babu."

"To ka ɗan leƙa wurin Gesa mana."

Hinnerk ya dube ta, ta dube shi. Babu wanda bai gane ba a cikinsu.

"Ke ki je. Ƙafarki ta fi tawa."

Sai Almut ta buga cokali a gefen kofi, ranta a ɓace. "Kai kuma ka zauna kana kallon mutane? Baƙuwa ko kofi na biyu ba ta sha ba. A gidana za a ba mutum shayi tsirara?"

Wannan maganar ba shi ya ba ta ba. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki kofi, ya fita. Suka ji ƙarar ƙofar baya.

Malama Tietjen ta bi shi da kallo, sannan ta gyara zama. "Malama Oltmanns, wannan da ke kusa da ke, wace ce?"

Almut ta yi murmushi, ta karkata kai hagu. Kujerar jikin taga babu kowa. Ta jira. Murmushin ya fara zamewa daga fuskarta, yatsunta suka shiga murza bakin zanen tebur.

"Ai tare kuka zo, ko?" ta ce a hankali. "Yarinyar kirki ce. Sai dai ɓarna."

Wiebke ta so wannan amsa, ita ta nemo ta, amma da ta ji ta sai hawaye suka zubo mata. Malama Tietjen ta juya ta dubi kujerar da ke bayanta, ta daɗe tana kallo. Da ta juyo, muryarta ta sauya. Ta nemi ganin banɗaki. Ta naɗe hannun rigar Almut a hankali, ta ga shacin faɗuwar watan jiya bai gama bajewa ba. Ta yi wasu tambayoyi, Almut na amsa kowace da maganar shayi.

Da Hinnerk ya dawo riƙe da kofin kirim da hannu biyu, ya tarar baƙuwar ta sa cokalinta a cikin kofi, alamar ta ƙoshi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban cokalin.

"Malam Oltmanns," in ji ta, "zan ce a ba ta wuri, hukuma ta biya. Da wuya a ƙi."

"Na yi laifi ke nan?"

"Ni kirim na ga ka je nema. Ka zauna, hannunka na rawa."

Bai zauna ba. Ya ajiye kofin a kan tebur, bai dubi 'yarsa ba.

Malama Tietjen ta sa kwat ɗinta, ta sunkuya ta miƙa wa Almut hannu don sallama. Almut ta riƙe hannun, ta dubi fuskar da ba ta sani ba, sannan ta nemi mijinta da ido har ta same shi. Ta karkata kai.

"Hinnerk," ta ce da ƙarfi, kowa na ji, "me zan ce?"

Leɓunansa suka motsa. Wiebke, wadda ta iya karanta su tun tana yarinya, ta zuba musu ido, amma babu kalma ko ɗaya a kansu.