Wuƙa a Cikin Bokiti

Tun kafin mai babur ya gama zagin farko, mahauci ya riga ya jefa wuƙarsa cikin bokitin ruwan da ke ƙarƙashin tebur. Haka yake yi duk ranar da murya ta tashi a gabansa: wuƙa ta shiga ruwa, hannu ya koma baya. Ya san hannunsa sarai. Hannun da ke raba ƙashin bijimi da sara ɗaya ba ya tsayawa neman shawara idan rai ya ɓaci.

Abin faɗan ma bai taka kara ya karya ba. Mai babur ne ya kutso lungun mahauta, madubinsa ya ɗebo cinyar da ke rataye, ta faɗa kwatami. Mahauci ya ce masa ya riƙa duba gabansa, shi ke nan. Sai mutumin ya kafe babur, ya sauko yana ambaton uwar mahauci, ya zaro wata 'yar wuƙa daga ƙugu, irin wadda ko albasa sai ta yi mata gardama.

Wannan ne ya fi ƙona wa mahauci rai, a ce da wannan abin wasan za a tsorata shi. Yatsunsa na ta motsi a bayansa, ga bokiti dab da ƙafarsa, sunkuyawa ɗaya ce. Amma ya san in ya sunkuya, ɗayansu gawa ne, ɗayan kuma gidan yari. Ya ja da baya, ya sa tebur a tsakaninsu, ya bar wa mutumin hanyar fita.

"Yi haƙuri, malam," ya ce. "Naman nawa ne, na yafe. Hau babur ɗinka."

Mutumin ya ƙara zagi, ya tofa yawu a kan tebur, ya hau ya tafi yana waiwaye.

Sai a lokacin jarumai suka fito. Mai kifi, wanda ya laɓe bayan firjinsa har aka gama, ya ce da shi ne da tuni ana wanke jini. Ƙanin mahauci ya kira shi a waya ya ce labari ya iso masa, ya zubar musu da mutunci. Kafin azahar lungun kaf ya raɗa masa suna Bokiti. Ya wanke teburin har katako ya yi fari, takaici bai fita ba. Yankan da ya yi ranar duk a karkace yake. Ba wanda ya tambaye shi yadda ya iya daurewa, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Da la'asar wata mata mai tsohon ciki ta shigo lungun, tana tambayar mahaucin da aka yi rigima da shi. Mai kifi ya nuna mata shi da baki yana dariya.

Ta ce ita ce matar mai babur. Mijinta ya koma gida yana alfahari ya sa ƙaton mahauci ya ɓoye hannu, ita kuwa tana ji ta kamo hanyar kasuwa. Ta dubi gatarin da ke jingine, ta dubi damatsan mahauci, ta dafa cikinta.

"Ya ce ka ji tsoronsa," in ji ta. "Na ce masa to. Ban gaya masa abin da na sani ba."

Sai ta ce wa mahauci ya yanka mata hanta, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Ya ɗauko wuƙa, ya goge ta a gefen riga, ya yanka mata wuri mai kyau. Wannan karon yankan ya tafi daidai.

"Bokiti!" mai kifi ya kira daga can. "Ara mini dutsen wasa wuƙa."

Mahauci ya ƙulle wa matar ledarta, ya jira ta riƙe da kyau.

"Na'am," ya ce. "Zo ka ɗauka."