Fistin Huɗu Marasa Alama

Dogo, direban tasi, bai taɓa zargin kawunsa ba sai ranar da mai sayar da kayan gyara ya cusa masa magana a kunne.

"Waɗannan fistin na kamfani ne, irin wanda mota ta zo da shi," in ji mutumin yana naɗe kwalin. "Ka sa ido. Makanikai sukan ɓoye su, su zura maka na kasuwa."

"Makanikin ƙanin mahaifiyata ne."

"Allah sarki. Ai su suka fi iya ta."

Maganar ta tsaya masa a rai. Kafin ya kai kwalin garejin Kawu, inda ake gyaran injin motarsa, ya sami ƙusa ya yi ɗigo uku a cikin kowane fistin.

Kwana biyu bayan haka ya leƙa da hantsi. Injin motarsa na kan benci a buɗe, an wanke shi da fetur, ga fistin huɗu jere a tire suna sheƙi. Kawu na can yana neman sifana. Dogo ya ɗaga ɗaya ya juya. Babu ɗigo. Ya duba sauran ukun, su ma babu.

"Kawu, waɗannan ba su na kawo ba."

Kawu ya goge hannu da tsumma a hankali. "Yaushe ka koyi kanikanci, ɗan nan? Kai da ko taya sai an canja maka."

"Ina nawa?"

Kawu ya tsura masa ido, sannan ya sunkuya ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci. Ya zaro fistin guda, ya sake shi cikin ramin silinda, mazauninsa a injin, ya girgiza. Ƙarfe ya yi ƙwal-ƙwal kamar cokali a kofi.

"Ka ji? An taɓa faɗaɗa ramukan nan. Na kamfani ya yi musu kaɗan. In na ɗaura shi, sati guda za ka fara shan baƙin mai kana turnuƙe titi da hayaƙi. Shi ya sa na nemo na kasuwa mai ɗan kauri, da ringinsa, zoben da ke zagaye shi. Naka kuwa ga su, har da zanen ƙusarka."

Kunya ta kama Dogo, har ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Sai wani abu ya faɗo masa.

"Kawu, ranar da zan sayi motar nan kai ka duba ta. Ka ce injin ba a taɓa buɗe shi ba."

Tsumman ya tsaya cak a hannun Kawu.

"Na ce haka."

"To?"

"Kunne na kara, na ji tana tafiya sumul. Shekara talatin ina gane inji da kunne. Wannan ya wuce ni." Ya kau da kai. "Na so in gyara shiru, kada uwarka ta ji ta yi mini dariya."

Dogo ya kasa gane ko gaskiya ce, ko kuwa Kawu da dillalin da ya sayar masa da motar sun san juna tun da. Fuskar tsohon ba ta nuna komai ba.

Da can mabuɗi yake ajiyewa ya tafi abinsa. Yau ya jawo wata tsohuwar taya, ya zauna daf da bencin.

"Ba za ka tafi ba?" in ji Kawu.

"Zan ga yadda ake haɗawa."

Kawu ya jinjina kai, ya ɗauki fistin na farko, ya juya shi ta yadda Dogo zai gani sosai.