Wutar Sallama a Tashar Kayanuma

Jirgin ya ja jiki ya shige rami, iskar da ya bari ta kaɗa gefen rigar Malama Kurahashi, sai ga ƙaurin ya iso. Dama shi ta zo jira. Ta rufe ido ta shaƙa a hankali, kamar mai ɗanɗanar miya.

Duk unguwar an san zancen. Wai lokacin da ake haƙa ramin jirgin, wuta ta tashi ta cinye leburori, kamfani ya lulluɓe su da siminti ya toshe bakin iyalansu. Wai shi ya sa kowace shekara, ran sha uku ga Yuli, da maraicen bikin Obon da ake tarbar matattu, ƙaurinsu ke cika tashar. Uwargida Hiraoka mai kayan miya ita ce uwar labarin, kuma a bakinta leburorin nan haihuwa suke yi: a da bakwai ne, bana sun kai goma sha biyu.

Malama ta yi shekarunta tana koyar da kimiyya a sakandare, kuma tsufa bai rage mata ƙin jita-jita ba. Ta san tarihin wannan reshe fiye da masu yaɗa zancen. Ba don mutane aka shimfiɗa shi ba, don a riƙa kai jirage makwancinsu ne a fadamar bayan gari. Sai da mutanen unguwa suka yi ta kai kuka kafin a manna musu tasha a ƙarshensa, da ɗan jirgi mai tarago uku da ke kai da komo tsakanin nan da mahaɗar Nakazeki kamar ƙoshiyar masaƙa. A duk tsofaffin jaridun da ta bincika, babu gobara ko ta ashana.

Ga shi yanzu hancinta ya ƙarasa mata aikin. Wannan ba ƙaurin waya ba ne, ba na roba ba, balle na nama. Karan rama ne. Kuma jirgi in ya tashi, iska yake ja a bayansa, iskar kuwa daga sama take saukowa.

Ta hau matattakala tana dafa gwiwa, ta zagaya bayan rumfar ajiye kekuna, inda ragar ƙarfen shan iskar tashar take shimfiɗe a ƙasa. A bakin ragar ta tarar da mutum a tsugune, da ɗan kasko a gabansa, karan rama na ci a ciki. Tsuruta ne, tsohon maɗinkin tabarma, wanda ƙofarsa ke kallon tata a bene na biyu tun zamanin mijinta yana da rai. Bai taɓa aure ba, bai taɓa ɗaga murya ba.

"Tsuruta-san, ashe kai ne leburori goma sha biyun."

Ya ɗago, bai razana ba. "Bara ai tara ne, Malama."

Ya ce mata nan ne ƙofar gidansu take kafin a rushe layin gidajen gaba ɗaya a haƙa ramin. Wutar tarba a ƙofar gida ake kunna ta, matattu kuma ba su san lambar ɗaki a bene ba. Da karan ya cinye, ya yunƙura zai tashi ya kasa, sai da ta kama shi. Ƙafafunsa sun kumbura har sun cika takalmin. A hanya bai jera da ita ba. Ya riƙa tafiya gaba yana waiwaye, yana rage sauri, kamar mai jan ayari.

Malama ta shiga ɗakinta da daɗin wanda ya warware lissafi. Amma tana cikin wanke shinkafa hannunta ya tsaya. Ko yaron goye ya san wuta biyu ake kunnawa: ta tarba ran sha uku, ta sallama ran sha shida. Ƙaurin kuwa sau ɗaya ake jin sa a shekara.

Washegari ta je sayen albasa, ta jefa zancen Tsuruta kamar da wasa. Hiraoka ta ce ai mutumin nan maƙonsa ya kai inda ya kai. Kowa a wannan mako yana sayen kokwamba da gauta, ya soka musu ƙafafun tsinke: kokwamba doki, don matattu su zo da sauri, gauta saniya, don su koma a hankali. Shi kuwa tun zamanin surukarta tana riƙe da shagon, kokwamba kawai yake saya.

"Gauta ɗaya, Malama. Ko kyauta na miƙa masa sai ya ce ba ya ci. Wa ya ce masa ci ake yi?"

Ran sha biyar da rana Malama ta dafa taliya mai sanyi ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Duk daɗewar maƙwabtakarsu ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ba. Ya daɗe kafin ya buɗe, sannan ya ce ta shigo, amma ta yi haƙuri da ƙunci.

Ɗakin ba kaya. Tabarmi sababbi fes, ɗinkin hannunsa, suna ƙamshin ciyawa. A kansu an jera matasan zama bango zuwa bango, layi bayan layi, a gaban kowace da ɗan kofin shayi yana tururi. A kan wata kantar katako ga dawakan kokwamba, na bana kore shar, na baya sun bushe sun ƙanƙance har sun koma kamar yatsun tsohuwa. Shimfiɗarsa kuwa tana naɗe a lungun kicin, tsakanin firji da kwandon shara. A nan yake kwana.

Ya ratsa tsakanin matasan a karkace, yana ɗaga ƙafa a inda babu abin tsallakewa. Malama ta bi shi da kwanon taliya. Sai da ta kai tsakiyar ɗakin ta ji bakinta ya ce "gafara dai" ƙasa-ƙasa. Haushin kanta ya kama ta.

A kicin suka zauna, gwiwa na gugar gwiwa. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye shi ina wutar sallama.

Ya ba ta labarin yana kallon taliyar. A shekarar da aka tashe su, mahaifiyarsa ta kunna wutar tarba a ƙofar gida kamar kullum. Kafin ranar sallama motocin rusau suka iso, ƙofar ta zama bakin rami. Tsohuwa ta ce inda aka tarbi baƙo nan ake sallamarsa, za ta jira a rufe ramin. Haƙan ya ci shekaru. Ita aka riga rufewa. Da aka gama tashar ya nemo wurin ƙofar, ya kunna mata wutar tarba, ita da kakanni da ƙannensa biyu da suka mutu suna ƙanana. Ran sha shida ya koma da kaskonsa da karansa, ya tsuguna, ya fito da ashana.

"Sai na ga ai korar ta zan yi. Na ce bari sai baɗi."

Baɗin nan ta haura hamsin. Kowace shekara yana tarba, domin dangi ba su daina mutuwa ba, kuma ba a barin sabon mamaci a waje. Ba wanda ya koma. Ya ce ba sa damun sa, sai dai wurin ya yi kaɗan, kuma kwanan nan tsohuwar tana yawan tsayawa a bakin ƙofa. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ga sanyin bana ba. In ya faɗi, hukumar gidajen za ta kwashe tabarmin ta zuba wasu ma'aurata da jariri a ɗakin. Baƙi kuma ba mai masauki, ba hanyar komawa.

"Gobe ki kunna mini, Malama."

"Ni? Ka san ban yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Matasai ne da kofuna, Tsuruta-san. Kai ka cika ɗakinka."

"Shi ya sa na ce ke. Wanda ya yarda, hannunsa rawa zai yi."

Ta so ta ce masa asibiti ya kamace shi ba kasko ba. Ta so ta ce ya kira malamin haikali, aikinsu ne, suna ma so. Ta dubi shimfiɗar da ke lungu, ta dubi ƙafafunsa. Ta ce ya ci taliyar tukuna kafin ta saki.

Ran sha shida ta sayi gauta. Hiraoka ta bi ta da kallo, ta ce ashe boko ma yana tsufa. Malama ta ce miya za ta yi. A gida ta soka mata tsinke huɗu, saniyar ta fito ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ta ce haka nan za su hau.

Da rana ta yi sanyi Tsuruta ya fito cikin baƙar kwat ta zuwa jana'iza, wadda ta yi masa yawa yanzu, da hula a hannu. Ya bar ƙofarsa a buɗe ya tsaya gefe. Ya daɗe a tsaye kafin ya ja ta ya kulle. Ta ga kofunan a kife a kan tire, an wanke su, matasan an tara su a kusurwa.

Ya ce shi ba zai tsaya a wurin ragar ba, ƙasa zai sauka. Tun da hayaƙin can yake bi, can ne hanya, kuma ba a sallamar uwa daga nesa. Malama ta ce hayaƙi dai iska yake bi, amma ta riƙe masa hannu suka sauka matattakalar ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa. Ta zaunar da shi a bencin ƙarshen dandamali, ta ce kada ya motsa sai ta dawo. Ya ce to.

A sama gari ya yi ja, gyare na ta kuka a bishiyoyin bakin titi. Ta ajiye kaskon a bakin ragar, ta karya karan ta jera, ta tsayar da saniyar a gefe. Ashanar farko ta kama. Hannunta bai yi rawa ba. Hayaƙin ya miƙe sama siriri, ya tsaya kamar yana shawara. Ba ta san abin da ake faɗa ba, a gidansu ba a yin wannan. Ta ce, "To, a sauka lafiya," kamar yadda take sallamar ɗalibai.

Can ƙasa usur ya yi ƙara. Aka daɗe. Ya sake yin ƙara. Sannan ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashin tafin ƙafarta, hayaƙin ya rusuna, ya kwanta, ya zurara cikin ragar gaba ɗayansa. Iska ta taso daga bayanta ta wuce ta gefenta biyu, mai sanyi, ta daɗe tana wucewa fiye da yadda tarago uku za su ja. A cikin rumfar ƙararrawar wani keke ta yi ƙara sau ɗaya. Malama ba ta waiwaya ba. Ta jira har karan ya zama toka, ta zuba masa ruwa daga gorarta.

Da ta sauka, bencin ba kowa.

Ma'aikacin tashar, mai farin safar hannu, ya ce in tsohon nan mai baƙar kwat take nema, ya shiga jirgi. Har ya ɓata musu lokaci. Ya tsaya a bakin ƙofar tarago ya tare ta da hannu, yana ta sunkuyar da kai kamar mai ba mutane hanya, alhali dandamalin ba kowa. Sai da aka busa masa usur sau biyu sannan ya shiga.

"Ɗan'uwanki ne, Baba?"

"Maƙwabcina ne. Rakiya ya yi."

Ta zauna a inda ta bar shi. Jirgin reshe ba shi da wurin zuwa, in ya kai mahaɗa sai ya juyo. Ƙaurin yana nan yana yawo a ƙarƙashin fitilu. Ma'aikacin ya shaƙa, ya dubi bakin ramin, ya matso kusa da ita ya rage murya. Ya ce shi sabon zuwa ne, amma an gaya masa sau ɗaya ake ji a shekara.

"Karan rama ne," in ji Malama. "Ni na kunna shi a sama."

Iska mai ɗumi ta fara turowa daga ramin, fitilu biyu suka ɓullo. Jirgin ya tsaya, ƙofofi suka buɗe. Wata mata ta fito da jakar cefane, sai wasu 'yan makaranta biyu. Taragon ƙarshe ba wanda ya fito daga ciki.

Tsuruta yana zaune a tsakiyar doguwar kujerar shi kaɗai, ya miƙe ƙafafu, ya buɗe hannuwa a kan majingina hagu da dama, hular tana kan cinyarsa. Malama ba ta taɓa ganin ya ci wuri haka ba. Ma'aikacin ya shiga ya ce, "Baba, an iso ƙarshen layi," ya taɓa masa kafaɗa, ya sake taɓawa.

Malama ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, tana kallon kujerar da ke fuskantarsu.

"Ya rasu," ta ce.

Ma'aikacin ya ruga wurin direba. Ita ta zauna a can ƙarshen kujerar, ta bar masa tsakiyar. Ƙofofin suna buɗe, jirgin yana ta huci a hankali.