Gaiwar da ke Cikin Rabin Duro

Tsoho Mas'udu ne ya fara ganin mutuwar fadamar nan, kuma duk wanda ya ce ya riga shi gani, ƙarya yake yi. Tun shekarun da aka tare kogin Binuwai daga sama ya tsaya a bakin ruwa ya ce wa mutane ambaliya ta fara ja da baya. Aka yi masa dariya. Sai yanzu da rediyo take cewa fadamu suna ƙafewa har a ƙasashen da ba wanda ya san hanyarsu, shi ne samarin Garwa suke gyaɗa kai kamar an kawo musu sabon labari. Shi bai taɓa zama a bencin makaranta ba, amma ya ga babban fari ya tsira, kwalara ta kwashe sa'o'insa ta bar shi, dorina ta kife masa jirgi ya fito da hularsa a ka.

A da, idan ruwa ya cika fadamar, daga bakin ƙauyensu ba ka hango ƙarshenta. Idan ya janye a dasa masakwa, dawar rani, a cikin laka, shanun Fulani su sauko cin ciyawar burugu, gauraka da belbela su rufe wurin, rijiyoyin gari kuma ba sa ƙafewa har wata damina. In rani ya tsananta ƙasa ta tsage, sai a fita haƙar gaiwa, kifin nan mai mugun cizo da ke nutsewa cikin laka ya naɗe kansa ya yi barci har ruwa ya dawo. A wannan sana'a, daga Pitowa har Ngong, babu na biyun Mas'udu.

Yanzu kuwa masu yin bulo sun cinye fadamar. Ko'ina ramuka ne da hayaƙin gasa bulo. Fili ɗaya ya rage ba a taɓa ba, wanda Mas'udu ya gada tare da ƙaninsa marigayi. Ɗan marigayin, Taufiƙ, shi ne ya zo masa da safe a kan moto, wato babur, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Bappa, kowa ya yanka nasa. Yarana suna kallon laka, laka tana kallonsu. Ka bar ni in yanka bulo."

"Ka yanka abin da ke da rai?"

"Wane rai, Bappa? Rabon da ruwa ya kwana a wurin nan tun ba a yaye autana ba."

Karimatu, matar tsohon, tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Ƙyale shi, Taufiƙ. Shi da fadamar tare za a yi musu salla."

"Ke ina ruwanki? Da naman gaiwata na auro ki, kina 'yar siririya kamar sillen kara."

"Shi ya sa har yau nake ƙarnin kifi."

Mas'udu ya juya wurin ɗan ƙaninsa. "Ɗauko diga. In na fito maka da gaiwa mai rai daga filin nan, ka bar shi har damina ta wuce, mu ga ko ruwa zai dawo. In ban samu ba, ni da kaina zan sara maka bulon farko."

Taufiƙ ya yarda, don ya tabbata ba komai a ƙasan sai zafi.

Suka fita rana tana dukan ƙeya. Tsohon yana tafe a sunkuye, yana neman ɗan ƙaramin ramin da gaiwa ke bari don shan iska. Ya sami na farko, aka haƙa, sai ƙaya da busasshiyar fata. Na biyu ma haka. Na gaba tururuwa ce ta cika shi. Taufiƙ bai yi dariya ba, ya dai ce, "Bappa, mu koma, rana za ta kayar da kai." Tsohon ya ce ranar da ta kasa shi yana saurayi ba za ta iya da shi yanzu ba. Amma ya daina ba da labarin bajintarsa.

Can kusa da gindin wata matacciyar giyayya, inda ƙasa ta ɗan faɗa, ya durƙusa. Ya zura tsinke a wani rami a hankali, ya kara kunnensa a ƙasa. Ya daɗe a haka. Sannan ya karɓi digar da kansa, ya sara a kewaye, ya ɗago curin laka kamar mai ɗaukar jariri.

A gida suka sa curin a rabin duro, Karimatu ta juye masa ruwan da ta ɗebo na girki tana mita. Laka ta narke. Abin da ya fito baƙi ne, a naɗe, wutsiya a kan fuska, ya rame kamar igiya. Ba motsi. Aka yi la'asar, ba motsi. Taufiƙ ya miƙe zai yi sallama, sai abin ya warware, ya ɗago baki saman ruwa, ya ja iska da wata 'yar ƙara.

"Ka gani!" Mas'udu ya daka tsalle har gwiwarsa ta yi ƙara. "Wa ya faɗa? Ni na faɗa!"

"Na gani, Bappa. Na bari har bayan damina." Taufiƙ ya leƙa duron. "In kai ta kogi a moto?"

"Kogi ba gidanta ba ne. Ciyawa take so da ruwa mara zurfi, a nan take zuba ƙwai. Kafin ta juya a kogi raga ta kama ta."

Karimatu ta ce, "To, sarkin haƙa, ka tashe ta daga barci. Ina za ka mayar da ita?"

Ya ce fadama, in ruwa ya zo.

Damina ta zo, kuma an yi ruwa ba laifi. Kullum tsohon yana bakin filin da sandarsa. Kogi bai hauro ba. Ruwan saman da ya gangaro kuwa, ramukan masu bulo suka shanye shi tun kafin ya iso, ya kwanta a cikinsu kore, sauro ya samu gida. Filin Mas'udu ya jiƙe da safe, ya bushe da yamma. Gauraka biyu suka sauka wata rana, suka yi 'yan taku, suka tashi.

Da kaka ta yi, Taufiƙ ya dawo da ma'aikata. Ya cika alkawarinsa, babu abin da za a ce masa. Ya roƙi bappansa ya zauna a gida, tsohon ya ƙi. Ya tsaya yana kallo ana yanka. Duk inda diga ta fito da busasshiyar gaiwa sai ya tsince ta ya ajiye a gefe, har suka yi tsibi, ba ko ɗaya mai rai.

Tasa gaiwar tana nan a rabin duro a bayan ɗakin Karimatu. Yana ba ta tana da katantanwa, ta yi ƙiba, tana zagaya ƙarfen ita kaɗai. Jikokinsa sun ɗauka a duro ake samun gaiwa.

Yanzu in baƙo ya tsaya a kan hanya ya ga ramuka da hayaƙi, aka ce masa nan ruwa ne a da har iyakar gani, sai ya yi murmushi. To, wanda duk yake ganin Mas'udu cika baki yake yi, ƙofarsa a buɗe take. Ya zo ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsansa a duron nan, ya bar shi a ciki in ya isa.